Fim ɗin Miracle: abin da ya kamata ku sani game da ranar da ɗalibai suka doke zakarun duniya a kan ƙanƙara

Ranar Juma'a 22 ga Fabrairun 1980, a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Lake Placid da ke cikin duwatsun arewacin jihar New York, tawagar Amurka ta wasan hoki na kan ƙanƙara ta doke ta Tarayyar Sobiyet da ci 4 da 3 a gasar Olamfik ta lokacin hunturu. Yawancin 'yan wasan Amurka ɗaliban jami'a ne, matsakaicin shekarunsu bai wuce 22 ba. Abokan karawarsu kuwa su ne suka ɗauki lambar zinare a gasannin Olamfik huɗu a jere, na 1964 da 1968 da 1972 da 1976. A 2004 kamfanin Disney ya fitar da fim a kan wannan labari mai suna Miracle, wanda Gavin O'Connor ya ba da umarninsa, Kurt Russell kuma ya fito a matsayin kocin tawagar, Herb Brooks. Har gobe masoya wasanni na sanya shi cikin finafinan wasa da suka fi burge su, har da mutanen da ba su taɓa taka ƙanƙara ba. Ga abubuwan da za su taimaka wa mai kallo ya fahimce shi, ya kuma rarrabe abin da ya faru da abin da masu fim suka ƙara.

Yadda ake buga wasan

Ana yin sa ne a fili mai daskararriyar ƙanƙara, tsawonsa kamar mita 60, faɗinsa kamar mita 30 a gasannin ƙasa da ƙasa na wancan lokaci, an kewaye shi da katanga ta katako da gilashi. 'Yan wasa na sanya takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, da su suke sulɓi da gudun da ƙafa ba za ta iya yi a kan ƙasa ba. Kowa na riƙe da sanda mai lanƙwasa a baki. Abin da ake bugawa ɗan faifai ne na baƙar roba mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, kuma raga ƙarama ce, mai tsaron gida da kayan kariyarsa ya kusa cika ta.

Kowane ɓangare na da mutum shida a fili, har da mai tsaron gida. Wasan zango uku ne, kowane minti 20, kuma agogo na tsayawa duk lokacin da aka hura usur. An yarda a bangaje abokin hamayya da kafaɗa ko ƙugu matuƙar faifan na wajensa. Saboda tsananin gudu, da wuya ɗan wasa ya wuce minti ɗaya a fili bai fita ya huta ba, shi ya sa za ku ga ana ta tsallaka katanga ana musanya 'yan wasa ba tare da an tsayar da wasa ba. Wanda ya yi laifi ana tura shi wani keɓantaccen benci na minti biyu, tawagarsa ta ci gaba da rashin mutum ɗaya. Da yawa daga cikin ƙwallayen da ake ci a wannan wasa a irin wannan lokaci ake cin su.

Me ya sa kowa ya ɗauka Sobiyet ce za ta yi nasara?

A wancan zamani dokar Olamfik ta hana waɗanda wasa ya zama sana'arsu shiga gasa. Wannan ya sa gwanayen Amurka da Kanada da ke buga gasar ƙwararru ta NHL ba su da damar zuwa. Su kuwa 'yan wasan Sobiyet, a takarda sojoji ne ko ma'aikatan gwamnati, amma a zahiri ba su da wani aiki sai hoki. Akasarinsu 'yan ƙungiyar sojoji ta CSKA ce da ke Mosko, suna zaune a sansani ɗaya mafi yawan watannin shekara, suna atisaye tare shekara da shekaru, har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai kasance ba tare da ya ɗaga kai ba.

A cikinsu akwai kyaftin Boris Mikhailov, da Valeri Kharlamov, da Vladimir Petrov, da matasa masu tasowa irin su Viacheslav Fetisov da Sergei Makarov da Vladimir Krutov. A raga kuma akwai Vladislav Tretiak, wanda mutane da yawa ke ɗauka babu kamarsa a duniya a lokacin. Rabon da a doke su a wani wasa na Olamfik tun 1968. A Fabrairun 1979 sun kara da zaɓaɓɓun taurarin NHL a birnin New York, suka lallasa su da ci 6 da nema a wasan ƙarshe. Sannan a ranar 9 ga Fabrairun 1980, ana saura 'yan kwanaki a buɗe gasar, suka yi wasan sada zumunci da wannan tawaga ta ɗaliban Amurka a zauren Madison Square Garden, suka ci su 10 da 3. Duk wanda ya ce Amurka za ta yi nasara bayan mako biyu, dariya za a yi masa.

Halin da duniya ke ciki

Fim ɗin ya buɗe da jerin hotunan labarai na shekarun 1970, kuma akwai dalili. Amurka ta fito daga yaƙin Biyetnam da kunya, ga badaƙalar Watergate, ga tsadar kaya da dogayen layuka a gidajen mai. A Nuwamban 1979 ɗalibai masu goyon bayan juyin juya halin Iran suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran, inda aka tsare Amurkawa 52 har kwana 444. A Disamban shekarar kuma dakarun Sobiyet suka shiga Afganistan. Shugaba Jimmy Carter ya yi kira da a ƙaurace wa gasar Olamfik ta bazara da za a yi a Mosko a 1980, har ya tura zakaran dambe Muhammad Ali wasu ƙasashen Afirka, ciki har da Najeriya, ya nemi goyon baya. Najeriya dai ta je Mosko ta yi gasarta.

A cikin wannan zafi na Yaƙin Cacar Baka aka yi wasan Lake Placid. Ga 'yan kallon Amurka ya wuce batun hoki, ko da yake su 'yan wasan sun sha faɗin cewa hankalinsu na kan faifai da raga ne kawai.

Herb Brooks da dabararsa

Zuciyar fim ɗin ita ce wannan mutum. Brooks ɗan jihar Minnesota ne, kuma shi ne ɗan wasa na ƙarshe da aka cire daga tawagar Amurka ta 1960, ana gab da tafiya. Tawagar ta je ta ɗauki zinare, shi yana gida yana kallo a talabijin. Daga baya ya zama kocin Jami'ar Minnesota, ya ci mata kofin jami'o'in ƙasar sau uku, a 1974 da 1976 da 1979.

Brooks ya lura cewa salon Amurka da Kanada, na a wurga faifai can gaba a bi shi da ƙarfin tsiya, ba zai yi aiki a kan Sobiyet ba. Su Sobiyet riƙe faifan suke yi, suna miƙa wa juna gajere-gajere, suna sauya wuri ba tsayawa, har abokin hamayya ya gaji ya buɗe musu ƙofa. Sai ya yanke shawarar koya wa yaransa wannan salo na abokan gaba, ya gauraya shi da bangaza irin ta Arewacin Amurka. Abu na biyu shi ne numfashi. Ya lura cewa ƙungiyoyi kan iya riƙe Sobiyet a zango biyu na farko, a na uku ƙafafunsu su mutu. Don haka ya sa wa ransa cewa ko yaransa ba su fi kowa gwaninta ba, babu wanda zai fi su juriya.

An fara tantance 'yan wasa a Colorado Springs a bazarar 1979. Brooks bai bi suna ba, ya ɗauki waɗanda za su dace da tsarinsa ne. Daga nan suka shafe watanni suna yawo tsakanin Turai da Amurka, suka buga wasannin gwaji 61, kafin a rage su zuwa mutum 20 da doka ta yarda a je da su. Wanda aka sallama a ƙarshe shi ne Ralph Cox, kuma fitowar da Brooks ke gaya masa ba zai je ba tana cikin wuraren da suka fi taɓa zuciya a fim ɗin, domin mai sallamar ya san zafin abin a jikinsa.

Akwai kuma matsalar gaba a cikin gida. Tara daga cikin 'yan wasan yaransa ne na Minnesota, huɗu kuma daga Jami'ar Boston suke, ciki har da kyaftin Mike Eruzione da mai tsaron gida Jim Craig. Makarantun biyu ba sa ga maciji, sun taɓa ba hammata iska a wani wasa a 1976. Brooks ya zaɓi ya zama mai tsanani, mai nesa da kowa, domin haushinsa ya haɗa kan yaran su manta da junansu. Mataimakinsa Craig Patrick shi ne mai lallashi.

Fitowar da kowa ke tunawa ita ce ta ƙasar Norwe. A Satumban 1979 sun yi kunnen doki 3 da 3 da tawagar ƙasar a wasan da ya kamata su ci cikin sauƙi. Brooks ya hana su fita daga fili, ya sa su gudun je-ka-ka-dawo daga layi zuwa layi, har ma'aikatan zauren suka kashe fitilu, su kuma suka ci gaba a cikin duhu. Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma wannan dare ne ya fi nuna irin gudun da aka ci kafin Lake Placid.

Yadda gasar ta gudana

Wasansu na farko da Suwidin ne, kuma saura kaɗan su sha kashi. Ana saura daƙiƙa 27 a tashi Bill Baker ya farke, aka tashi 2 da 2. Sai suka ba kowa mamaki da doke Cekoslobakiya, wadda ake ganin ita ce ta biyu a ƙarfi, da ci 7 da 3. Suka bi da Norwe 5 da 1, Romaniya 7 da 2, Jamus ta Yamma 4 da 2. Haka suka kai zagayen ƙasashe huɗu masu neman lambobi, tare da Sobiyet da Suwidin da Finlan.

An fara wasa da Sobiyet da ƙarfe biyar na yamma. Krutov ne ya fara ci. Buzz Schneider ya farke, Makarov ya ƙara wa Sobiyet. Ana gab da ƙare zangon farko Dave Christian ya bugo faifai daga nesa, Tretiak ya tare amma ya kasa riƙewa, Mark Johnson ya kutso tsakanin 'yan baya biyu ya zura, saura daƙiƙa ɗaya a agogo. A nan kocin Sobiyet Viktor Tikhonov ya yi abin da ya girgiza har 'yan wasansa: ya cire Tretiak ya sa Vladimir Myshkin. Daga baya shi da kansa ya ce wannan ne kuskure mafi girma da ya yi a aikinsa.

Zango na biyu na Sobiyet ne gaba ɗaya. Sun kai hari raga sau 12, Amurka sau 2, amma ƙwallo ɗaya tak suka samu ta hannun Aleksandr Maltsev, domin Jim Craig ya tsaya kai da fata. A zango na uku, wanda a nan Sobiyet ta saba gama da kowa, Johnson ya sake farkewa. Bayan daƙiƙa 81 Mark Pavelich ya miƙa wa Eruzione, shi kuma ya buga ta gefen wani ɗan baya da ya tare wa Myshkin gani. Ci ya zama 4 da 3, saura minti goma cif. A waɗannan mintuna ne atisayen wata da watanni ya biya. Yaran ba su koma baya sun taru a bakin raga ba, sun ci gaba da gudu, suna musanya da sauri. Sobiyet kuwa, da ba su saba a riga su ba, suka shiga bugu barkatai. Ko cire mai tsaron gida don ƙara ɗan gaba, dabarar da kowace ƙungiya ke yi idan ana cin ta a minti na ƙarshe, Tikhonov bai yi ba. Da aka tashi, Sobiyet ta kai hari sau 39, Amurka sau 16, Craig ya tare 36.

Mai sharhin gidan talabijin na ABC, Al Michaels, yana ƙirga daƙiƙun ƙarshe ya tambayi masu kallo ko sun yarda ana yin abin al'ajabi, ya kuma amsa wa kansa da e. Daga wannan furuci wasan ya samo laƙabin abin al'ajabi, fim ɗin ma haka, domin ma'anar Miracle ke nan. Mafi yawan Amurkawa ba su ga wasan kai tsaye ba, domin ABC naɗe shi ta yi ta nuna da dare.

Wani abin da mutane ke mantawa shi ne ba wannan wasa ne ya ba da zinare ba. Da Amurka ta sha kashi a hannun Finlan ranar Lahadi 24 ga wata, Sobiyet ce za ta ɗauka. Kuma har aka gama zango na biyu Finlan ce a gaba da 2 da 1, kafin Amurka ta ci uku a zango na ƙarshe, aka tashi 4 da 2. Masu kallon ƙwallon ƙafa a Najeriya sun san irin wannan. A Olamfik ta Atlanta ta 1996 wasan da aka fi tunawa shi ne wanda Najeriya ta doke Burazil da ci 4 da 3, alhali sai da ta sake doke Ajantina da 3 da 2 kafin zinaren ya zo hannu.

Abin da ya sa fim ɗin ya karɓu

Na farko, O'Connor ya nemi 'yan hoki ne ya koya musu wasan kwaikwayo, maimakon ya ɗauki jarumai ya koya musu sulɓi. An tantance dubban mutane, kuma yawancin waɗanda suka fito a matsayin 'yan wasa baƙin fuska ne. Wanda ya fito a matsayin Buzz Schneider ɗansa ne na cikinsa, Billy. Sakamakon haka gudun da karon da ake gani na gaske ne, kyamara na bin su a kan ƙanƙara, mai kallo na jin ƙarar ƙarfe da haki. Michaels da abokin sharhinsa Ken Dryden sun sake naɗar muryoyinsu don fim ɗin, amma a daƙiƙun ƙarshe an sa ainihin muryar 1980.

Na biyu shi ne Kurt Russell. Bai mayar da Brooks waliyyi ba. Mutum ne mai taurin kai, mai kaifin harshe, wanda aiki ya janye shi daga iyalinsa, kamar yadda fitowarsa da matarsa Patti, wadda Patricia Clarkson ta taka, ke nunawa. Jawabin da ya yi wa yaran kafin wasa ya shahara sosai: ya ce musu in aka kara sau goma Sobiyet na iya cin tara, amma ban da wannan dare. Kuma da aka ci wasan bai shiga cikin masu murna ba, ya sulale wani lungu shi kaɗai.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne yadda aka raba lokacin fim ɗin. A cikin kusan awa biyu da kwata, kaso mafi tsoka ya tafi ne kan zaɓe da atisaye da gajiya da rigingimu. Kafin a kai ga wasan, mai kallo ya riga ya san dalilin da ya sa ƙafafun yaran ba za su mutu a zango na uku ba. Kowa ya san yadda za ta ƙare tun kafin ya zauna, amma duk da haka zuciya na bugawa, domin an ga abin da kowane ɗayansu ya biya.

Inda masu fim suka ƙara gishiri

Daren Norwe ya faru, amma ƙarshensa a fim ƙirƙira ce. An nuna Eruzione ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da garinsu, ya ce Amurka yake buga wa wasa, sai Brooks ya sallame su. 'Yan wasan sun ce ba a yi haka ba. Damben da aka nuna tsakanin Jack O'Callahan da Rob McClanahan a wurin atisaye shi ma an ƙirƙire shi ne don a nuna gabar Boston da Minnesota a fitowa ɗaya. An kuma taƙaita tantancewar Colorado ta zama kamar ta kwana guda. Wasan Finlan kuwa, duk da muhimmancinsa, an wuce shi da 'yan jimloli.

Babban giɓin shi ne ɓangaren Sobiyet. A fim ɗin mutane ne marasa murmushi, ba a jin ta bakinsu. Alhali su ma suna da labari: salon da Brooks ya aro na wani kocinsu ne mai hangen nesa, Anatoli Tarasov, wanda ya gina hokin ƙasar bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma 'yan wasan sun sha wuya a ƙarƙashin tsarin sansani na Tikhonov. Wanda ke son jin nasu ɓangaren sai ya nemi finafinan gaskiya guda biyu, Red Army na 2014 da Of Miracles and Men na 2015, inda Fetisov da abokansa suka yi magana da bakinsu.

Bayan Lake Placid

Shan kashin bai karya Sobiyet ba. A 1981 sun casa Kanada 8 da 1 a wasan ƙarshe na Kofin Kanada, suka kuma ɗauki zinaren Olamfik a 1984 da 1988. A ƙarshen shekarun 1980 Fetisov da Makarov da wasu suka samu izinin zuwa NHL, har wasunsu suka zama abokan wasan mutanen da suka doke su. A ɓangaren Amurka, Ken Morrow ya ci Kofin Stanley na gasar NHL da ƙungiyar New York Islanders 'yan watanni bayan zinaren. Eruzione bai taɓa buga NHL ba, ya ajiye sanda bayan gasar. A 2002 shi da abokansa ne suka kunna wutar buɗe Olamfik ta Salt Lake City, inda Brooks ya sake jagorantar Amurka ta samu azurfa. Brooks ya ba masu fim ɗin shawarwari, amma ya rasu a hatsarin mota ranar 11 ga Agustan 2003 yana da shekara 66, wata shida kafin a fitar da shi. An sadaukar masa da fim ɗin, kuma zauren da aka yi wasan yanzu sunansa yake ɗauke da shi.

A 1998 ƙwararrun NHL suka fara buga Olamfik, Tarayyar Sobiyet kuma ta wargaje tun 1991. Yanayin da ya haɗa ɗalibai da rundunar ƙwararru a fili ɗaya, duniya ta rabu biyu tana kallo, ya wuce. Wanda zai kalli Miracle yau, zai fi amfana idan ya sa ido a kan awa ɗaya da rabi na farko: yadda aka zaɓi mutane don su dace da juna, yadda aka yi nazarin abokin hamayya aka koyi abin da ya fi iyawa, da yadda aka shirya wa minti goma na ƙarshe tun wata bakwai kafin su zo.